Faya-fayen Farko na Yusef Lateef, 1957 zuwa 1961

A tarihin jaz, wato salon kiɗa da busa da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago a farkon ƙarni na ashirin, wanda ginshiƙinsa shi ne makaɗi ya riƙa ƙirƙirar karinsa nan take a kan wani tushe da ƙungiya ta yarda da shi, ba kasafai ake samun mutumin da sai da ya kai shekara 36 sannan ya fitar da babban faifai na farko da sunansa a matsayin shugaban ƙungiya ba, balle a ce a cikin wannan shekara guda ya ɗauki abin da ya cika faya-fayai bakwai. Wannan shi ne abin da ya faru da Yusef Lateef a 1957, kuma faya-fayen da ya ɗauka daga wannan shekara zuwa 1961 suna cikin na farko da aka ji mabushin saksafon ya ajiye abin busarsa ya ɗauki na Masar ko na Sin, ya gina kiɗa a kansu da gaske, tun kafin irin wannan haɗi ya zama abin yayi. Saksafon kuwa abin busa ne na tagulla da wani maƙeri ɗan Beljiyam, Adolphe Sax, ya yi wa rajista a 1846, yana da siririn harshe guda na kara a bakinsa wanda iska ke kaɗawa, kuma nau'insa mai matsakaicin kaurin murya, wanda ake kira teno, shi ne Coleman Hawkins da Lester Young suka mayar da shi muryar jaz ta gaba-gaba.

An haifi Lateef ranar 9 ga Oktoba, 1920, a Chattanooga ta jihar Tennessee, da sunan William Emanuel Huddleston, kuma iyayensa suna cikin ɗimbin baƙaƙen fatar da suka baro kudancin Amurka zuwa biranen masana'antu na arewa, suna gudun wariya suna neman aikin albashi. A 1925 suka sauka a Detroit, birnin ƙera motoci, inda mahaifin ya sauya sunan gidan zuwa Evans, don haka da sunan William Evans ne yaron ya yi makarantar sakandare ta Miller, ya fara busa, ya bi ƙungiyoyin Lucky Millinder da Hot Lips Page da Roy Eldridge, har ya shiga babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949. Gillespie na cikin waɗanda suka kafa bibop, salon jaz mai sauri da sarƙaƙiya da ya bayyana a shekarun 1940, kuma ƙungiyarsa ta riga ta saba da gangunan Kyuba ta hannun Chano Pozo, wanda aka kashe a ƙarshen 1948. A daidai wannan zamani ne Evans ya karɓi Musulunci ta hanyar ƙungiyar Ahmadiyya, wadda ke da wa'azi mai ƙarfi a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka a lokacin, ya koma Yusef Abdul Lateef, kamar yadda wasu makaɗan zamaninsa irin su Art Blakey da Ahmad Jamal da Sahib Shihab da Idrees Sulieman suka yi. A 1950 ya koma Detroit saboda rashin lafiyar matarsa, ya kama aiki a masana'antar Chrysler, ya kuma shiga karatun tsara kiɗa a jami'ar Wayne.

Wannan komawa gida, wadda a idon abokan sana'arsa ta yi kama da ja baya, ita ce ta ba shi abin da New York ba za ta ba shi ba. Detroit ta shekarun 1950 cike take da makaɗa matasa masu horo, irin su Barry Harris da Tommy Flanagan a fiyano, Kenny Burrell a gita, Paul Chambers da Doug Watkins a bas, Donald Byrd a kakakin Turawa, da Elvin Jones a ganguna, domin makarantun gwamnati na birnin suna koyar da kiɗa sosai, albashin masana'antu kuma yana ciyar da gidajen rawa na unguwannin baƙaƙen fata. Burrell ne ya ba Lateef shawarar ya ƙara da sarewar Turawa, daga baya kuma Lateef ya koyi obo a wurin Ronald Odmark na babbar ƙungiyar kiɗan birnin. Obo ɗan'uwan algaita ne ta fuskar ƙira, tunda shi ma harshe biyu na kara ne ke haɗuwa a bakinsa su ba da siririyar murya mai ratsa kunne, sai dai an yi masa maɓallai masu yawa don ya dace da kiɗan Turai, kuma kusan babu wanda ya ɗauke shi a matsayin abin busar jaz kafin wannan lokaci. Birnin yana kuma da tsohuwar al'ummar Larabawa 'yan Siriya da Labanan da suka zo aikin motoci, kuma bisa ga abin da Lateef ya sha faɗa, wani Basiriye da suke aiki tare a Chrysler ne ya nuna masa rababa, abin kiɗan Larabawa mai tsirkiya ɗaya, ya kuma haɗa masa guda, yayin da shi kansa yake shafe lokaci mai tsawo a ɗakin karatu na birnin yana bincike a kan kiɗan wasu al'ummu.

Daga tsakiyar shekarun 1950 Lateef ya samu zama na dindindin da ƙungiyarsa ta mutum biyar a wani gidan rawa da ake kira Klein's Show Bar a kan Titi na 12, titin da tarzomar 1967 ta tashi a kansa, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Rosa Parks. Muhimmancin wannan zama ba ƙarami ba ne, domin yawancin faya-fayen jaz na ƙananan kamfanoni a wancan zamani taron gayya ne, a kira makaɗan da ba sa aiki tare, a haɗa su a ɗakin ɗauka na 'yan sa'o'i, kowa ya busa abin da ya saba a kan waƙoƙin da kowa ya sani. Mutanen Lateef kuwa, wato Curtis Fuller a turombon, Hugh Lawson a fiyano, Ernie Farrow a bas, da Louis Hayes a ganguna, sun shafe dare bayan dare suna gwada sababbin tsare-tsare a gaban jama'a, saboda haka duk abin da ya yi kama da baƙo a faifan ya riga ya sha gwaji a gaban ma'aikatan masana'anta da suka biya kuɗinsu don su ji daɗi.

Sai kuma batun na'ura, wanda bai kamata a tsallake shi ba. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska, kuma a cikin wannan ƙunci aka ɗauki jaz tun daga faifansa na farko a 1917. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango, wanda ke juyawa a hankali ya ɗauki kimanin minti ashirin a fuska guda, ɗauka a kan tef kuma ta rage tsada har ƙananan kamfanoni suka samu shiga kasuwar irin wannan faifai, irin su Savoy na Herman Lubinsky a Newark da Prestige na Bob Weinstock a New York. Dukansu biyu suna kai makaɗansu wurin Rudy Van Gelder, likitan gwajin ido da ya mayar da falon gidan iyayensa a Hackensack ta jihar New Jersey ɗakin ɗaukar sauti, kuma ya shahara da iya kama muryar kowane abin kiɗa a sarari. Kiɗan da ke buƙatar minti goma kafin ya nuna, wanda kuma ya dogara da ƙananan sautuka irin na tsirkiya guda ko 'yar ƙararrawa, ba zai yiwu a ɗauke shi yadda ya kamata ba shekara goma kafin haka.

A watan Afrilun 1957 ƙungiyar ta tuƙo mota daga Detroit zuwa New Jersey, ta yi wa Savoy ɗauka a ranakun 5 da 9 ƙarƙashin kulawar Ozzie Cadena, aka samu Jazz for the Thinker da Jazz Mood, sannan a cikin watan ta yi wa kamfanin Verve Before Dawn. Daga cikin ukun, Jazz Mood ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Kiɗan farko a cikinsa, Metaphor, yana buɗewa da argul, abin busa na kara da aka sani a Masar da ƙasashen Sham, wanda a asalinsa bututu biyu ne, ɗaya yana riƙe sauti guda ba ya sakewa, ɗayan yana yawo da kari a kansa. Ana iya cewa wannan buɗewa sallama ce kawai, domin ba a jima ba sarewa ke karɓa kiɗan ya koma hanyar da aka saba. Inda aka sauya ginin kiɗan tun daga tushe shi ne Morning, kuma fahimtar abin da ya faru a nan tana buƙatar ɗan bayani. A bibop, fiyano da bas suna bin jerin damin sautuka, wato sautuka uku ko huɗu da ake bugawa tare, kuma damin yana sauyawa kusan kowane bugu biyu ko huɗu, ta yadda gwanintar mabushi ita ce ya bi waɗannan sauye-sauye da sauri ba tare da tuntuɓe ba. A Morning an ajiye wannan tsere gefe guda, Farrow ya bar bas ya ɗauki rababar nan mai tsirkiya ɗaya, wadda yake taɓawa da yatsa maimakon ya goga ta kamar yadda Larabawa ke yi, ya riƙa maimaita gajeren kari guda, Doug Watkins yana ƙara masa da ƙananan kuge na yatsu, Lateef kuma ya shimfiɗa teno a kai cikin natsuwa, da kauri da nishi irin na buluz, wato tsohon salon waƙar baƙaƙen fatar kudu mai lanƙwasa sauti wanda shi ne uwar jaz. Kunnen da ya saba da kuntigi ko gurmi ba zai ji wannan tsari baƙo ba, tunda tsirkiya mai maimaita kari a ƙarƙashin murya mai yawo ita ce ƙashin bayan kiɗa da yawa a Afirka ta Yamma, amma a kasuwar jaz ta 1957 sabon abu ne, kuma ya riga Kind of Blue na Miles Davis da shekara biyu, faifan da aka fi jingina wa ra'ayin tsayawa a kan tsanin sauti guda maimakon bin sauyin dami. Hanyoyin mutanen biyu ba ɗaya ba ne, kuma babu dalilin cewa ɗaya ya kwaikwayi ɗaya, sai dai tarihin da ya fara wannan babi daga 1959 ya bar wani abu a baya.

A watan Oktoba suka dawo da ɗan sauyi, Wilbur Harden ya maye gurbin Fuller da fulugelhon, wani nau'in kakakin Turawa mai taushin murya, Oliver Jackson kuma ya hau ganguna, kuma a cikin kwana uku, daga 9 zuwa 11 ga wata, suka ɗauki abin da ya zama faya-fayai huɗu: Jazz and the Sounds of Nature da Prayer to the East na Savoy, The Sounds of Yusef na Prestige, da Other Sounds wanda ya fito daga baya a ƙarƙashin New Jazz, reshen Prestige. Irin wannan gaggawa ta nuna yadda sana'ar take a lokacin, domin kamfanonin ba su cika biyan kuɗin gwaji ba, makaɗan kuma suna da aikin dare da ke jiransu a gida. A nan ne jerin kayan da aka rubuta a bayan faifai ya fara ba mutane mamaki, inda aka ga ƙararrawa da faifan tagulla na Sin da kugen yatsu na Turkiyya, har da balan-balan da kwalbar 7 Up, waɗanda aka yi amfani da su a Love and Humor, ana murza balan-balan ɗin yana ƙara, ana hura bakin kwalbar tana ba da sauti mai zurfi. Sunan kiɗan da kansa ya nuna cewa da raha a ciki, kuma bai kamata a ɗora masa nauyin da bai nema ba, amma yana ɗauke da ra'ayin da Lateef ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, cewa duk abin da ke ba da sauti yana iya zama abin kiɗa idan ya samu mai kunne.

Wajibi ne a yi adalci wajen auna waɗannan faya-fayai, domin ba duk abin da ke cikinsu ne ya yi nauyi ɗaya ba. A shekarar 1957 ɗin nan Martin Denny ya fitar da Exotica, faifan da ya ba da suna ga wani salon kasuwa mai sayar wa Amurkawa mafarkin tsibirai da ƙasashen Gabas ta hanyar kukan tsuntsaye da ƙararrawa, kuma akwai wurare a ɗaukar Oktoba inda bugun tagulla a farkon kiɗa bai wuce ado ba, inda kuma kalmar Gabas ta haɗe Masar da Indiya da Sin a wuri guda kamar ƙasa ɗaya ce. Abin da ya raba Lateef da 'yan kasuwar shi ne, na farko, shi kansa ya zauna ya koyi busa waɗannan abubuwa da karanta tsarin sautinsu, na biyu kuma bai taɓa sakin buluz ba, ta yadda ko a Prayer to the East, kusa da kiɗan da ya ba faifan suna, akwai A Night in Tunisia na Gillespie da aka busa da cikakken ƙarfin bibop. Zamanin ma ya taimaka wajen ba abin ma'ana, tunda taron Bandung na ƙasashen Asiya da Afirka ya gudana a 1955, Gana ta samu 'yanci a Maris 1957, kuma baƙaƙen fatar Amurka da yawa sun fara duban kansu a matsayin ɓangare na wata duniya da ta fi Amurka faɗi. A 1958 Ahmed Abdul-Malik ya fitar da Jazz Sahara da garayar Larabawa da ake kira ud, a 1960 kuma Lateef da kansa ya busa a Uhuru Afrika na Randy Weston.

Obo ya shigo gaba sosai daga 1959, a Oboe Blues na faifan The Dreamer da kuma a Cry! Tender. A 1960 Lateef ya koma New York, ya yi aiki da Charles Mingus da makaɗin gangar nan ɗan Nijeriya Babatunde Olatunji, ya kuma ɗauki The Three Faces of Yusef Lateef a kamfanin Riverside, wanda fuskoki ukun da sunansa ke nufi su ne teno da sarewa da obo.

Faifan da ya tattara wannan tafiya shi ne Eastern Sounds, wanda aka ɗauka ranar 5 ga Satumba, 1961, a sabon ɗakin Van Gelder na Englewood Cliffs, tare da Barry Harris da Ernie Farrow da Lex Humphries, ya fito a ƙarƙashin Moodsville, reshen Prestige da aka ware don kiɗa mai sanyi. Yana buɗewa da The Plum Blossom, inda Lateef ya busa shun, wata tsohuwar sarewar Sin ta yumɓu mai siffar ƙwai da 'yan ramuka kaɗan, wadda sautukanta ba su da yawa, kuma wannan ƙarancin ne ya tilasta masa gina kari daga kusan babu, rababar Farrow tana dafa masa, har Harris ya shigo da fiyano ya buɗe kiɗan. A Blues for the Orient obo yana kai da komo tsakanin tsarin buluz da wani tsanin sauti mai ɗanɗanon Gabas ta Tsakiya, kuma abin lura shi ne wahalar gane inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara, domin dukansu suna rayuwa ne a kan lanƙwasa sauti da zamewa tsakanin matakan da fiyano ya kafe. Kiɗan da ya fi shahara a faifan kuwa ba daga Gabas ya fito ba, karin soyayya ne da Alex North ya tsara wa fim ɗin Spartacus na 1960, wanda Lateef ya busa da obo a hankali ba tare da ƙawa mai yawa ba, kuma masu haɗa kiɗan zamani sun sha yanko shi suna sakawa a nasu ayyukan. Idan aka kwatanta da ɗaukar 1957, a nan kayan baƙi sun ragu, balan-balan da kwalba sun tafi, abin da ya rage kuma ya zauna daram, wanda hakan ke nuna cewa shekaru huɗun na tacewa ne. Wata biyu bayan haka John Coltrane ya ɗauki India a gidan Village Vanguard, a kan sauti guda da ake riƙewa a ƙasa, kuma Lateef, wanda ya shiga ƙungiyar Cannonball Adderley a 1962, ya tsara Brother John don girmama shi, ya busa shi da obo a faifan Nippon Soul da aka ɗauka a Tokyo a 1963.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da cewa binciken ɗakin karatu na Detroit ba sha'awar ɗan lokaci ba ce. Lateef ya yi digiri na farko da na biyu a makarantar kiɗa ta Manhattan a 1969 da 1970, ya yi na uku a fannin ilimi a jami'ar Massachusetts da ke Amherst a 1975, da nazari a kan tsarin ilimin Yamma da na Musulunci, ya daina kiran aikinsa jaz saboda yana ganin sunan na ɗauke da raini, daga baya kuma ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya, ko da yake a irinsu ne ƙungiyar 1957 ta samu horonta. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya duƙufa a kan sarewar Fulani, ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas a 1983 tare da makaɗan ganguna na ƙasar, sannan shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafin Hausa Performing Arts and Music a 1987. Ya samu lambar Grammy da faifan Yusef Lateef's Little Symphony na 1987, wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan da ke cikinsa, hukumar fasaha ta gwamnatin Amurka kuma ta ba shi lambarta mafi girma ta jaz a 2010. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013, a gidansa da ke Shutesbury ta jihar Massachusetts, yana da shekara 93.